ƁOYE CIWON ZUCI BA JARUNTAKA BA CE
Jawabi ga ɗalibai da malaman makarantu na yankin Bukkuyum, Anka da Gummi



Ya ku 'yan'uwa, babu wanda zai ba mutanen Yargalma labarin abin da ya faru a shekarar 2010. A wannan shekara ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, da Dareta ta ƙasar Anka, da wasu ƙauyuka. Duwatsun zinaren da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje ne ke ɗauke da gubar, yara suna shaƙar ƙurar, suna kai ta baki. Yara aƙalla 400 suka rasu. An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, an yi wa dubban yara magani.

To amma tambaya ita ce, ina waɗanda suka rayu? Jariran wancan lokaci su ne samari da 'yan matan yau. Likitoci sun tabbatar da cewa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa ƙarfin riƙe karatu da natsuwa, kuma illar kan daɗe. Sai yaro ya zauna a aji yana fama, a kira shi daƙiƙi, a bi shi da bulala, alhali ba laifinsa ba ne.

Sannan ga musibar 'yan bindiga. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021 aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe. Ɗalibin da ya taɓa kwana a daji yana gudu, ko aka kashe mahaifinsa, yakan kasa barci, ya riƙa firgita da ƙarar babur, ya daina cin abinci, ya guji mutane. Malami ma ɗan Adam ne. Wani yana tsaye gaban allo, amma zuciyarsa tana wajen ƙaninsa da ake neman kuɗin fansarsa.

Me ke sa a yi shiru? Tsoro ne. Tsoron kada a ce mahaukaci, kada a hana shi aure, kada a kore shi daga aiki. Wasu kuma su ce namiji ba ya kuka. Alhali a tarihin Manzon Allah (S) akwai shekarar da ake kira Shekarar Baƙin Ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a cikin duk matasa 7 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Ashe ba abin kunya ba ne.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka ɗalibin da ya ji alamun nan sun wuce mako biyu, ya faɗa wa malamin da ya amince da shi, ko mahaifi, ko ma'aikacin asibiti. Wanda tunanin halaka kansa ya zo masa, kada ya kwana bai faɗa ba. Kada ya nemi sauƙi a ƙwaya, don ƙara rura wutar take yi.

Malamin da aka kawo wa kuka, ya saurara, ya riƙe sirri, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma in rai na cikin haɗari, ya sanar da iyaye nan take. Shugaban makaranta kuma kada ya mai da kukan malami hujjar wulaƙanta shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa irin waɗannan marasa lafiya wariya.

A yi addu'a, a kuma je asibiti. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. A fara da asibitin da ke kusa, in ta kama a tura mutum Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wassalamu alaikum.