JEREMY WISTEN DA 'YAN TAMAULAR FADAMAR HAƊEJIYA



Maganata a yau a kan wani yaro ce mai suna Jeremy Wisten. An haife shi a ƙasar Malawi, iyayensa suka kai shi Ingila yana ƙarami, ya tashi a birnin Manchesta. A 2016, yana ɗan shekara 13, kulob ɗin Manchester City ya ɗauke shi cikin makarantarsa ta horar da yara, inda yake buga baya. A farkon 2018 ya ji rauni a gwiwa, ya yi watanni bai taɓa ƙwallo ba. Kafin shekarar ta ƙare aka sanar da shi cewa za a sallame shi. Ya yi gwaji a wasu kulob-kulob, Allah bai nufa ba. A watan Oktoba na 2020 aka wayi gari ya rasu yana ɗan shekara 18, kuma kotun binciken mutuwa da ta zauna a 2021 ta tabbatar shi ya kashe kansa. A gaban kotun mahaifinsa ya ce a ganinsa ɗansa bai sami taimakon da ya kamata ba bayan sallamar.

Jama'a, sallama irin wannan ita ce makomar mafi yawan yaran. Marubucin nan Michael Calvin ya ƙiyasta a 2017 cewa daga cikin yara miliyan ɗaya da rabi masu wasa a ƙungiyoyin Ingila, 180 kacal za su kai gasar Firimiya. Rasuwar Jeremy tana cikin abubuwan da suka farkar da mutane. A 2022 kulob ɗin Crystal Palace ya ɗauki alkawarin kula da samarin da ya sallama har shekara 3, a nema musu karatu ko aiki.

To, me ya kawo wannan labari Haɗejiya? Duk wanda ya zaga Auyo, Kafin Hausa ko Kiri Kasamma da rani, bayan ruwa ya janye, zai ga ƙannenmu suna tamaula ba takalmi, kowa burinsa ya zama Ahmed Musa, wanda ya tashi daga Kano Pillars har ya kai Leicester a 2016. Buri ba laifi ba ne. Amma idan yaro ya bar aji da gonar shinkafar ubansa domin ƙwallo, ranar da gwiwa ta ci amanarsa, me ya rage masa? Mu kuwa sai mu bi shi da ba'a, muna cewa ɗan Turai ya dawo.

Lalle addininmu ya haramta kisan kai, amma ya kuma wajabta mana duba mara lafiya. Baƙin cikin da ke hana barci da ci, ya raba mutum da abokansa, ciwo ne, yana da magani. Akwai likitocinsa a Dawanau ta Kano, kuma tun Janairun 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Ku malaman gobe, kada ku yarda ƙwallo ta fid da yaro daga aji. Ku ma'aikata, ku nemi kowane kulob ya haɗa horo da koyon sana'a. Mu duka kuwa, in mun ga ƙanenmu ya dawo daga gwaji ya yi shiru, ya daina fita, mu zauna da shi, mu tambaye shi, mu raka shi asibiti. Ɗa na kowa ne.

Allah ya kiyashe mu. Wassalam.