Illar Metamfetamin ga Lafiyar Matasanmu



An umarce ni da in yi tsokaci a kan metamfetamin, ƙwayar da matasa ke kira "ais", wato ƙanƙara, saboda kamanninta. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Nagai Nagayoshi, shi ya fara haɗa ta a 1893, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu an riƙa ba sojojin Jamus ita don hana su barci. A da daga waje ake shigo mana da ita. Amma a 2011 hukumar NDLEA ta gano gidan dafa ta na farko a Legas, sannan a 2016 ta bankaɗo wani babba a Asaba, har da 'yan ƙasar Meziko cikin waɗanda aka kama.

Wannan guba tana tilasta wa ƙwaƙwalwa fitar da sinadarin dofamin mai sa jin daɗi fiye da kima. Mai shan ta yakan kwana biyu ko uku bai runtsa ba, abinci ya fita ransa, ya rame, haƙoransa su ruɓe. Jininsa yakan hau, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, har saurayi mai ƙuruciya ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Wani yakan ji kamar ƙwari na yawo a ƙarƙashin fatarsa, ya yi ta susa har ya ji ciwo. Mafi muni shi ne taɓin hankali: ya riƙa jin muryoyi, yana zargin iyayen da suka haife shi da shirya masa makirci. Masu yin allurarta da sirinji ɗaya kuwa suna yaɗa ƙanjamau da ciwon hanta.

Iyaye, idan kun ga ɗa ya daina barci, yana rama, kuɗi na ɓacewa a gida, to kada a ɓoye don gudun abin kunya. Mari da bulala ba sa warkar da shi. Har yanzu ba a sami ƙwayar da aka amince tana raba mutum da ita ba, amma kulawar likitocin ƙwaƙwalwa da doguwar nasiha suna aiki, kuma akwai asibitocin tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri.

Ina roƙon wannan ƙungiya ta kafa kwamiti da asusun ɗaukar nauyin jinyar 'ya'yanmu, ta kuma koya wa waɗanda suka warke sana'a, domin zaman banza shi ke mayar da su.