Bel Ɗin Injin Mota: Cinyewarsa da Lokacin Sake Shi

Jawabi ga direbobi da masu motoci da makanikai



Abin da ya tara mu yau ƙaramin abu ne a ido, har mutum yana iya naɗe shi ya jefa a aljihun babbar riga. Amma in ya tsinke da tsakar dare tsakanin Ore da Binin, ko a cikin cunkoson motocin Ikko da rana tsaka, to, mota ta tsaya ke nan, kome tsadarta. Wannan abu shi ne bel ɗin roba da ke gaban inji, wanda muka saba kira fanbel. Maƙasudin wannan jawabi shi ne a nuna cewa fanbel ɗin yau ba irin na jiya ba ne, saboda haka hanyar da aka gada ta duba lafiyarsa ba ta isa ba yanzu.

JIYA DA YAU

A shekarar 1917 ne wani mutumin Amurka mai suna John Gates, na kamfanin roba na Gates da ke birnin Denver, ya ƙago siririn bel mai tsinin ciki, wanda ke zama daram a cikin kwarin fuli, watau faifan ƙarfen nan da bel ke hawa yana juya shi. Irin wannan ne dattawan direbobi suka sani a motocin Peugeot da aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, da na Volkswagen da aka fara haɗawa a Ikko a wannan shekara. A zamanin nan, motar da ke da na'urori da yawa takan ɗauki bel biyu ko uku, kowane da aikinsa. In ɗaya ya tsinke, sau da yawa sauran sukan ci gaba da juyawa.

Daga baya wani injiniya na wannan kamfani na Gates, mai suna Jim Vance, ya fito da dabarar bel guda ɗaya, dogo, mai faɗi, wanda zai kewaye dukan fulolin gaban inji. Kamfanin Ford ya fara sa shi a motarsa Mustang ta 1979. Saboda yadda yake lanƙwasa, ya bi ta kan wannan fuli ya zagaya ta ƙarƙashin wancan, sai Turawa suka laƙaba masa sunan maciji. Yau galibin ƙananan motoci da bas-bas na zamani da ke bin hanyoyinmu shi suke ɗauke da shi. Sunan fanbel dai ya bi shi, ko da yake a yawancinsu fanka da lantarki take aiki, ba ruwanta da shi.

AIKIN DA YAKE YI

Babban fulin da ke can ƙasan inji shi ke jan bel, shi kuma bel ya ja sauran. Yana juya altaneta, watau na'urar da ke cika batir ta kuma ba fitilu wuta. Yana juya famfon man sitiyari, wanda ke sa direba ya murɗa kan mota ba wahala. Yana juya na'urar sanyaya cikin mota. A motoci da yawa kuma shi ke juya famfon ruwa, wanda ke tura ruwa tsakanin inji da lagireto don kada inji ya ɗau zafi. Akwai motocin da sitiyarinsu na lantarki ne, akwai kuma waɗanda famfon ruwansu ke samun juyi daga wani wuri dabam, don haka ya wajaba kowane direba ya san abin da bel ɗin tasa motar yake ja.

A gefensa akwai wani ƙaramin fuli a kan hannun ƙarfe mai sifirin a ciki, wanda makanikai ke kira tenshina. Aikinsa shi ne ya riƙa danna bel kullum don kada ya yi sako-sako.

A nan sai a yi hattara, kada a haɗa wannan bel da bel ɗin tamin. Shi na tamin haƙora gare shi, yana ɓoye a bayan murfi, aikinsa kuma daidaita buɗewa da rufewar bawul ne. Wanda muke magana a kansa a fili yake, da an ɗaga murfin inji za a gan shi.

Fa'idar bel guda ita ce ba ya cin wuri, ba ya bukatar a riƙa ɗaure shi da sifana, ya kuma fi na da daɗewa. Illarsa kuwa, tun da dukan kaya a kansa aka ɗora, ranar da ya faɗi, duka suke faɗuwa tare.

YADDA YAKE CINYEWA

In kun juya cikin wannan bel za ku ga an yi masa kunya-kunya a tsaye, tamkar gonar da aka yi wa huɗa, ga kunya ga kwari, galibi kunyoyi huɗu zuwa takwas. Shi ma fuli haka fuskarsa take. Kunyar bel tana shiga kwarin fuli ta matse a gefe da gefe, wannan matsewa kuwa ita ce riƙon da ke sa ya ja.

Da can ana yin bel da wata irin roba da ake kira niyofirin. Ita wannan, in ta tsufa sai ta bushe ta tsattsage, kamar ƙasar fadama da rani. Saboda haka makanikai suka riƙe wata ƙa'ida mai kyau: in an ƙirga tsaga uku ko fiye a cikin tsawon inci uku, bel ya ƙare. Irin wannan bel yakan yi tafiyar kimanin kilomita 80,000 zuwa 100,000.

Daga ƙarshen shekarun 1990 masu ƙera motoci suka koma ga wata roba mai suna EPDM, wadda ta fi jure zafi. Bel ɗin da aka yi da ita yana iya kaiwa kilomita 150,000 ko ma fiye, in inji lafiyayye ne. To, ga inda gizo ke saƙa. Ita wannan roba ba ta cika tsagewa ba. Cinyewa take yi sannu a hankali, kamar yadda taya ke suɗewa. Kunyoyin suna ramewa, kwarin da ke tsakaninsu yana faɗi yana zurfi, har bel ya nutse, tsinin fuli ya taɓo gindin kwari. Daga nan matsewar gefe ta ƙare, sai bel ya riƙa sulɓi. Kamfanin Gates ya bayyana cewa in kashi 5 cikin 100 kawai na robar kunyoyin ya tafi, aikin bel ya fara raguwa. Ke nan direba yana iya duba bel ɗinsa ya gan shi sumul, babu tsaga ko ɗaya, ya rufe murfi da kwanciyar rai, alhali kuwa bel ya riga ya gama aiki. Ƙaramin sani, in ji Hausawa, ƙuƙumi ne.

Bel mai sulɓi yana ɗaukar zafi, zafin kuma yana bi ta fuli ya busar da giris ɗin boris na altaneta da na tenshina. Batir ba ya cika sosai, sai a ɗora wa batir laifi, a sayi sabo, bayan 'yan makonni a koma gidan jiya.

Yanayin ƙasarmu yana ƙara gaggauta wannan. Ƙurar hunturu da yashin hanya suna shiga kwarin bel su riƙa goge shi. Ruwan damina da ke kwanciya a titunan Ikko da Fatakwal da Anaca yana jiƙa shi, bel ɗin da ya cinye kuwa ba ya iya fitar da ruwa, sai ya yi ta zamewa. A cikin cunkoso kuma inji yana aiki sa'o'i, bel yana juyi, amma agogon kilomita yana tsaye. Babban abokin gabansa dai shi ne baƙin mai da ke yoyo daga gaban inji, domin yana kumbura wannan roba ya sa ta yi laushi.

YADDA AKE DUBAWA

A kashe inji, a zare makulli, a bari ya huce. Sa'an nan a duba waɗannan:

Na ɗaya, zurfin kwari. Akwai wani ɗan ma'auni na roba da masu yin bel ke yi, ana kwantar da shi a cikin kwarin bel. In ya nutse sarai, bel ya cinye. In babu shi, a kwatanta da sabon bel: kwarin sabo tsukakke ne mai tsini a gindi, na tsoho kuwa ya buɗe ya yi kamar kwarya.

Na biyu, ƙyalli. In fuskar bel tana sheƙi kamar an goge ta, sulɓi yake yi.

Na uku, gefuna. In zare ya fito a gefe guda, ko kunya ɗaya ta gutsure, to, akwai fulin da ya karkace.

Na huɗu, jiƙewa da mai ko ruwan lagireto. In an ga haka, sai a toshe yoyon tukuna, in ba haka ba sabon bel ma zai bi sawun tsohon.

Na biyar, tenshina. Da yawa suna da alama a jikinsu mai nuna iyakar tafiyar hannun. In ya wuce alama, ko kuwa yana rawa sosai sa'ad da inji ke aiki, ya gaji.

Kunne ma yana da nasa aiki. Doguwar ƙara mai tsini da safe, ko lokacin da aka kunna na'urar sanyi, ko aka murɗe sitiyari har ƙarshe, alamar sako-sako ce. Gajeruwar ƙara mai maimaituwa kamar kukan tsuntsu alamar karkacewar fuli ce. Makanike yana iya rarrabe su da ɗan yayyafin ruwa a cikin bel: in ƙarar ta ƙaru, ɗauri ne ya yi rauni, in ta ɗauke ta dawo, saiti ne ya kauce. Mai yin wannan gwaji lalle ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun taguwa, ya kawar da jelar rawani da carbi, gama bel mai gudu ba ya sakin abin da ya kama.

Muna roƙon jama'a su bar al'adar nan ta shafa wa bel sabulu, ko kyandir, ko man birki don ya yi shiru. Wannan rufe bakin mai kuka ne, ciwon yana nan.

Masu motocin da aka shigo da su bayan an yi amfani da su a waje, su lura da abu biyu. Agogon motar da ta fito daga Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, watau mil 60,000 ya kusa kilomita 100,000. Sa'an nan ba kowane agogo ne ke faɗin gaskiya ba. Wanda ya sayi irin wannan mota, abin da ya fi masa shi ne ya sake bel tun a farko, ya rubuta ranar da adadin kilomita, ya kuma bi abin da littafin motarsa ya ƙayyade.

SAYE DA SAKEWA

A bayan kowane bel akwai lamba. Misali, 6PK1750 ma'anarta kunyoyi 6, PK irin girman kunyar, tsawonsa kuma milimita 1,750. Da wannan lamba za a je kasuwa, ko Ladipo ce a Ikko ko wata. Kada a yarda da "kusan ɗaya ne". Wanda ya yi tsawo zai yi sulɓi, wanda ya gajarta zai kashe boris. A guji tsohon bel da aka wanke aka shafe, a kuma guji jabu, domin araha ba ta ado. Wanda aka sayar wa jabun kaya yana iya kai ƙara ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON.

Kafin a cire tsohon, a nemi zanen hanyar bel da akan manna a ƙarƙashin murfin inji. In babu, a zana a takarda ko a ɗauki hotonsa da waya, gama in aka juya hanyar, famfon ruwa yana iya juyawa da baya. A sa doguwar sifana a kan tenshina, a danne shi, a zame bel, sa'an nan a sake shi a hankali. Sifirin ɗinsa yana da ƙarfin da zai murƙushe yatsa. Tun da bel ya fita, a juya kowane ƙaramin fuli da hannu. Wanda ya yi gurnani ko girgiza, a sake shi. Masu yin bel suna ba da shawara a sake tenshina tare da bel, domin tare suka tsufa. A ɗora sabon bisa zane, fuskar kunya a kan fuli mai kunya, bayan bel a kan fuli mai santsi, a tabbata kowace kunya ta zauna a kwarinta. A ta da inji, a saurara. Akwai kuma wasu motoci masu bel mai talewa, marar tenshina. Shi wannan da na'urarsa ta musamman ake sa shi, kada a ɓanɓare shi da sukudireba.

IN YA TSINKE A HANYA

Jar fitilar batir za ta kama a gaban direba, sitiyari ya yi nauyi nan take, allurar zafi ta fara hawa. A wasu motocin dizal birki ma yakan yi tauri. Kada a firgita. Sitiyari bai mutu ba, ƙarfi kawai yake bukata. A riƙe shi da hannu biyu, a rage gudu, a sauka gefen hanya, a kashe inji, a ajiye alamar kashedi mai kusurwa uku a baya. Kada a ce bari a lallaɓa zuwa gari na gaba. In famfon ruwa ya tsaya, 'yan mintoci sun isa kan inji ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, kuɗin gyara ya ninka kuɗin bel sau da yawa. Kada kuma a buɗe murfin lagireto da zafinsa, tururin yana sale fuska. Dabarar nan ta da, ta ɗaura igiya a madadin fanbel, ba ta aiki a wannan inji. Mai doguwar tafiya, daga Badun zuwa Sakkwato ko daga Inugu zuwa Maiduguri, ya ajiye bel na biyu da sifanar da ta dace a cikin but.

Jama'a, fasinjan da ya shiga motarku ya ba ku amanar ransa da dukiyarsa, tsare amana kuwa tun daga gareji yake farawa. Duk lokacin da aka juye baƙin mai, a ce wa makanike ya duba bel da tenshina, kuma rashin tsaga kaɗai kada ya zama hujja. Rigakafi ya fi magani. Muna fata shugabannin tasha za su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su sami halarta ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.