Kafin Mu Gayyaci Baƙi Zuwa Kogin Kwara



Baƙin da ke halartar bikin kamun kifi na Argungu suna komawa gida ba su taka Bagudo ba, alhali Kogin Kwara ya ratsa ƙasarmu tun daga Lolo, bakin iyakar Benin. Sarkawanmu sun san kowane tsibiri da makwancin kifi. Su ne 'yan rakiyar da baƙo yake buƙata, kuma abinci ne ga matasanmu.

Sai dai ba mu manta da jirgin da ya kife a Warra a 2021 ba. Saboda haka, kafin mu gayyaci kowa, muna roƙon rassanmu na Abuja, Legas da Sakkwato su saya wa matuƙan kwalekwalenmu rigunan kariya daga nutsewa.