Jarin Manomi a Tarayyar Ƙasashe: Alkawuran Faris da Liyon da Itatuwan Maraɗi

 

   Waɗanda suka shirya wannan taro, suka raba zamansa biyu, ɗaya nan Faris ɗaya Liyon, sun ɗora mini nauyin yin magana a kan haɗin gwiwar ƙasashen duniya wajen raya ƙasa rayawa mai ɗorewa, da kiyaye albarkatun da Allah ya shimfiɗa a bayanta; da yake kuwa batun ya fi ƙarfin zama ɗaya, zan tsaya a kan itatuwan ƙasar Hausa da maƙwabtanta, waɗanda aka sha ƙulla alkawari a kansu a waɗannan birane biyu.

Malaman fiƙihu, a babin da suka keɓe wa tarayya, sun shar'anta cewa kafin mutum biyu su haɗa dukiya su yi ciniki, wajibi ne a san abin da kowannensu ya kawo, domin a mazhabar Imamu Malik riba da hasara gwargwadon jari suke bi; wanda kuwa ba a rubuta jarinsa ba, ko da shi ya fi kowa shan wahala, ranar rabo sai dai a miƙa masa kyauta ya yi godiya. Abin da nake son in tabbatar a gabanku yau shi ne, akasarin yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu domin ceto ƙasarmu daga hamada sun rubuta kuɗin ƙasashe masu arziki a matsayin jari, suka rubuta manomi da makiyayi a sahun masu cin gajiya, alhali idan aka auna abin da ya tabbata a ƙasa, jarin manomi shi ya fi nauyi.

Wannan al'amari ya girmi Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1935 wani shaihin malamin ilmin daji na jami'ar Edinbura, mai suna Stebbing, bayan ya zaga arewacin Nijeriya, ya wallafa gargaɗi cewa Sahara tana gangarowa kudu, ya ba da shawarar a tsayar da ɗamarar kurmi ta tare ta. Maganarsa ta girgiza hukumomin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa na malaman daji, cikinsu har da Bafaranshe Aubréville, suka bi iyakar Nijar da Nijeriya daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Suka komo da bayanin cewa ba su ga rairayi yana tafiya yadda aka tsoratar ba, amma sun ga daji yana raguwa. Maganin da aka riga aka tanada a yankin Faransa shi ne dokar daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta mayar da dajin da aka ce ba shi da mai shi mallakar hukuma, ta kuma hana taɓa wasu itatuwa ko da a gonar mutum suka tsiro. Niyyar kiyayewa ce, ba na musu. Amma sakamakonta shi ne manomi ya fahimci cewa itacen da ya girma a gonarsa tara zai jawo masa, saboda haka ya riƙa sare tsiro tun yana ƙarami, kuma wannan hali ya wanzu shekaru da dama bayan samun mulkin kai, domin dokar ba ta tafi tare da masu ita ba.

Daga nan sai mu zo birnin da muke zaune cikinsa. A nan Faris aka amince da yarjejeniyar yaƙi da gurgusowar hamada ranar 17 ga Yuni 1994, bayan farin shekarun 1970 da na 1984 ya nuna wa duniya abin da Sahel ke ciki. A nan shugabannin ƙasashe tara na kogin Kwara suka hallara cikin Afrilu 2004 suka yi alkawarin raba amfanin ruwansa bisa adalci. A nan kuma, a 2005, masu ba da agaji da masu karɓa suka yarda cewa ƙasar da ake taimako ita ya kamata ta riƙe ragamar shirinta. A nan aka ƙulla yarjejeniyar yanayi ta 12 ga Disamba 2015, wadda ta ƙudura riƙe ƙaruwar zafin duniya ƙasa da digiri 2, tare da ƙoƙarin tsayar da ita a 1.5. Sa'an nan ranar 11 ga Janairu 2021 aka yi alkawarin fiye da dala biliyan 14 domin Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, mai tsawon kimanin kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, da burin raya hekta miliyan 100 kafin 2030.

Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin al'ummar da rani ke cinye mata gero ba ta da halin raina hannun da aka miƙo mata, kuma hayaƙin da ke sauya mana damina ba daga murhunmu akasarinsa ya tashi ba, don haka abin da ake bayarwa yana da fuskar biyan haƙƙi. Sai dai gaskiya ta wajaba. Rahoton da ofishin yarjejeniyar hamada ya fitar a 2020 ya nuna cewa, bayan shekara goma sha uku da fara Ganuwar, abin da aka raya cikin yankinta bai wuce hekta miliyan 4 ba. Dala biliyan 100 da ƙasashe masu arziki suka yi alkawari a Kofanhegan a 2009, cewa za su riƙa bayarwa kowace shekara daga 2020, ba ta cika ba sai 2022, bisa lissafin ƙungiyar OECD da ke da mazauni a wannan birni, kuma kaso mai yawa daga ciki bashi ne da za a biya.

Yanzu ku dubi abin da ya faru a Maraɗi da Damagaram cikin wannan zamani ɗin. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan a Maraɗi, bayan ya ga yawancin dashen da ake rabawa daga gandun reno suna mutuwa saboda iska da rani da awaki, ya lura cewa ƙananan sabara da kalgo da gawo da ke tsirowa a gonaki kowace shekara, manoma na sare su lokacin sharar gona, rassa ne na kututture masu rai waɗanda saiwarsu ta riga ta kai ga danshi. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a kiyaye su daga wuta da gatari. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce ga kakanninmu, waɗanda suka san cewa gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana da taki, ya kuma ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Tsoron malamin daji ne ya sa aka yi watsi da ita. Yunwar 1984 ta sa mutane suka gwada, da farko don abincin da ake bayarwa ladan aiki, daga baya don sun ga amfanin da idonsu. Aka kira abin sassaben zamani, ya bi kasuwa da biki da ci-rani daga ƙauye zuwa ƙauye. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro wanda ya haɗa manoma da Fulani makiyaya da mata, su suke sa doka, su suke hukunta ɓarawon itace. Da hukuma ta sassauta riƙo, ta hanyar dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, sai abin ya bunƙasa. Har masana irin su Chris Reij da Gray Tappan, da suka gwada hotunan sama na da da na tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa an raya kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

Ku auna, Allah ya gafarta malamai: talakawan jihohi biyu, da adda da gatari da haƙuri, sun raya abin da ya zarce wanda aka lissafa wa Ganuwar ƙasashe goma sha ɗaya zuwa 2020. Akwai hannun baƙo a cikin aikin, kuma ya cancanci godiya, amma hannun ya yi amfani ne saboda ya tarar da mai gona ya kuma bar masa itacensa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi talifi a kan hukuncin raya matacciyar ƙasa da hurumin gari da makiyaya, kuma asalin da malamai suka ginu a kai shi ne wanda ya raya ƙasa yana da haƙƙi a kanta. Sai a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa.

Liyon, inda za mu ƙarasa wannan zama, tana da darasi iri biyu. A can ne, ranakun 1 da 2 ga Yuli 2015, magadan gari da gwamnonin yankuna na duniya suka taru kafin babban taron Faris, suka nemi a san da su, domin rijiya da shara da gandun gari a hannunsu suke. Faransa tana da doka tun 2005 wadda ta halatta wa birane su keɓe har kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ruwansu domin aikin ruwa a ƙasashen waje, kuma Liyon ta fara aiki da Wagadugu tun shekarun 1990. Irin wannan tarayya ta gari da gari kuɗinta kaɗan ne, amma hanyarta gajera ce, mai bayarwa ya san sunan unguwar da aka haƙa rijiyar, kuma ina ganin ƙananan hukumomin Katsina da Kano da Tawa ba su nemi rabonsu a wannan ƙofa yadda ya kamata ba.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. A bakin kogin Ron, a Liyon, hedkwatar 'yan sandan duniya ta Interpol take tun 1989, kuma tun 2012 tana da shiri na musamman a kan satar katako. Rahoton da ta fitar tare da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016 ya ƙiyasta cewa laifuffukan ɓarnar muhalli suna kai dala biliyan 91 zuwa 258 a shekara. Mu mun ga namu kason a kan madobiya, itacen da makiyayi ke sassabo wa shanunsa ganye idan ciyawa ta ƙare, wanda aka yi ta sarewa a Taraba da Adamawa da Kogi ana lodinsa zuwa Sin domin kujerun alfarma, har yarjejeniyar CITES ta sa shi cikin itatuwan da ake sa wa ido a 2016, aka kuma dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a 2018. Babu ma'ana a ba mu kuɗin dasa tsiro a Yobe da Jigawa, alhali jiragen ruwa suna fita da itatuwan da suka shekara hamsin daga kudancinsu; kuma ba zan ɗora laifin duka a kan mai saye ba, domin takardun izinin fita a ofisoshinmu aka buga musu hatimi.

Kun sani cewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ta dakatar da taimakonta ga Nijar, ayyuka da yawa suka tsaya cik. Ba hurumin wannan takarda ba ne ta yi hukunci tsakanin gwamnatoci. Abin da ya shafe ta shi ne aikin da aka rataya a kan ofishin jakada ya tsaya tare da ofishin, gawon da ke gonar mutumin Ɗan Saga kuwa mai shi yana nan yana datse shi. Saboda haka ina roƙon zaman Liyon ya sa cikin shawarwarinsa cewa duk wata yarjejeniyar raya ƙasa da za a ƙulla nan gaba ta lissafa itatuwan da manoma suka rena da ƙimarsu a shafin jari, daidai da dalar mai ba da agaji, ta kuma ajiye wa kwamitocin ƙauye kujera inda ake yanke shawarar kashe kuɗin. Wannan ya ƙara zama tilas yanzu da kamfanoni suka fara sayen iskar da itatuwa ke zuƙa domin su rage laifin hayaƙinsu, domin idan ba a rubuta sunan mai gona ba tun kafin a buɗe cinikin, wani ne zai sayar da amfanin gawonsa a Turai ba da saninsa ba. Ku kuma ƙannena masu karatun shari'a da aikin gona da lissafi a jami'o'in Faris da Liyon, ku kuka iya harshen da ake rubuta waɗannan takardu da shi, kuma iyayenku ne masu gonakin. Ina roƙon a naɗa daga cikinku waɗanda za su tsara wannan sharaɗi da Faransanci da Hausa kafin mu tashi daga Liyon.