Bindiga, 'Yan Sanda da Zamanmu a Kurmi: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya



Abin da kwamiti ya ɗora mana mu yi magana a kai yau shi ne muhawarar da ake ta yi a ƙasar nan kan tsaro. Wasu na cewa kowace jiha ta kafa 'yan sandanta. Wasu na cewa a bar kowa ya mallaki bindiga ya kare kansa. Wasu kuma na jayayya kan zanga-zanga. To mu da muka baro gida muka zauna a nan Ibadan, ina muka tsaya? Amsarmu a taƙaice ita ce: baƙo ba shi da garkuwar da ta wuce doka, don haka wajibi ne mu san ta, mu kuma riƙe ta.

Bari mu fara da bindiga. A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin azumi, wasu mafarauta suka taso daga Jihar Ribas cikin babbar mota za su Kano yin sallah. A Uromi ta Jihar Edo 'yan banga suka tare motar, suka ga bindigogin farauta, aka yi ihun ga masu satar mutane. Kafin a ankara an kashe mutum 16. Babu alƙali, babu shaida. Wannan kisan gilla ne, ko da me aka samu a motar, hukuma ya kamata a miƙa su.

Amma akwai abin lura a gare mu. Dokar makamai ta ƙasar nan, wadda asalinta tun 1959 ne, ta kasa bindigogi kashi uku. Manyan bindigogi irin na yaƙi, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Irin su mai baki biyu, sai da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Harba-ka-ruga kuwa, wato bindigar toka, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasin ɗinta. Ke nan ko bindigar da mutum ya gada daga kakansa tana bukatar takarda, kuma katin ƙungiyar mafarauta ba ya tsayawa a madadin lasin.

A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'arta su nemi lasin su sayi bindiga saboda 'yan fashin daji. Mun san zafin da ya kai su ga haka, 'yan'uwanmu ne. Sai dai zaman Zamfara daban, zaman Sabo daban. Idan aka ce kowa ya ɗauki makami, a unguwar da muke ɗari masu gari suna dubu, wa zai kwana ciki? Bindiga ɗaya a shagon yaro ɗaya ta isa a ce duk Hausawa sun tara makamai. Ba mu manta da Sasa ba, a watan Fabrairu na 2021, inda cacar baki kan kayan gwari da suka zube ta zama gobarar da ta ci kasuwa da gidaje da rayuka, namu da na Yarabawa. Ku duba abin da ya faru, sannan ku ƙiyasta da a ce kowane shago da bindiga a ƙarƙashin benci.

Sai maganar 'yan sandan jiha. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Nijeriya. A watan Fabrairu na 2024 Shugaba Tinubu da gwamnoni suka zauna suka amince a duba yiwuwar kafa na jihohi. Gyaran tsarin mulki kuwa sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi: ɗan sandan da aka turo daga nesa bai san daji ba, bai san harshe ba, kuma gwamna ba shi da cikakken iko a kan Kwamishina. Wannan ƙorafi ne ya haifi Amotekun, da gwamnonin jihohin Yarabawa shida suka ƙaddamar a nan Ibadan a watan Janairu na 2020.

Amma dattawanmu sun ga jiya. Kafin 1966 Arewa tana da 'yan doka na En'e, Yamma tana da 'yan sandan ƙananan hukumomi, kuma an yi amfani da su wajen muzguna wa 'yan adawa. 'Yan NEPU sun ɗanɗana. Shi ya sa sojoji suka narkar da su cikin rundunar tarayya. Tambayarmu ita ce: ɗan sandan jiha zai tsare duk mazaunin jiha ne, ko kuwa mai takardar shaidar ɗan asali kaɗai? A cikinmu akwai waɗanda a Sabo aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, a nan suke biyan haraji. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali. Saboda haka ba mu ce a'a ba, amma muna da sharaɗi: a ɗauki 'ya'yan mazauna aiki, a kafa hukumar karɓar ƙorafi wadda ba ta aljihun gwamna ba, kuma a hana su shiga harkar zaɓe. Abin da muke nema a nan, shi ya kamata mu nema wa Bayarabe da Inyamuri na Sabon Garin Kano.

Game da zanga-zanga, sashe na 40 ya ba da 'yancin taro, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta ce idan an sanar da su, aikinsu su ba da tsaro. Zanga-zangar matasa ce ta sa aka rushe SARS ran 11 ga Oktoba 2020. Amma mun kuma ga yaran da aka kama a Arewa lokacin zanga-zangar yunwa ta Agusta 2024, aka tsare su kusan wata uku, aka kai su kotu a Abuja har wasu suka some, kafin Shugaban Ƙasa ya ce a sake su. Samarinmu, haƙƙinku ne ku yi kuka da murya. Abin da muka haramta shi ne fasa shago, da karɓar kuɗin ɗan siyasa a je a tarwatsa taron wasu. Shi zai koma gidansa mai katanga, mu za a bari da maƙwabta.

In kuwa an kama mutum, ga abin da kowa zai haddace. Sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu, ban da laifin da hukuncinsa kisa ne. Doka ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Belin caji ofis kyauta ne, kuma mace na iya tsaya wa mutum. Yana da damar yin shiru har lauya ya zo. Kada ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, kuma ɗan acaba ko mai tura baro da ba shi da kowa ya fi kowa saurin ɓacewa a can.

Don haka kwamiti na kawo shawara huɗu. Kowane mai masauki ya rubuta sunan baƙonsa da garinsu. A buɗe asusu, kowane shago ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, don ɗaukar lauya. A naɗa mutum uku masu jin Yarabanci da Turanci su shiga kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, su kuma riƙa leƙa caji ofis. Sannan duk mafarauci ko mai gadi da ke riƙe da bindiga ya kawo takardarsa a gani, kuma kada direba ya ɗauki makami a motarsa sai ya ga lasin da idonsa.

Abu na ƙarshe, idan namu ne ya yi laifi, kada mu ɓoye shi. Ranar da muka miƙa ɓarawonmu ga hukuma, ranar muke da bakin cewa kada a taɓa mai gaskiyarmu. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.