LAUNI DA RIƘON KARATUN YARO
Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya

 

Duk wanda ya tsaya a kan iyaka a Magama zai ga yaran da ba su taɓa zama a aji ba, amma ba a cutarsu wajen canji. Sun san jar takardar sefa jika guda ce, koriya jika biyar, shunayya jika goma. Sun san Murtala, wato naira 20, koriya ce. Launi ne ya riƙe musu abin da ba su iya karantawa. Wannan shi ne tushen jawabinmu.

Magabatanmu sun riga mu gane haka. Mu dubi Alƙur'anin da alarammomi ke rubutawa da hannu: baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya. Ba don ado suka yi ba. Kowane launi da aikinsa, kuma ba ya sauyawa daga Fatiha har Nasi, shi ya sa idon almajiri ke sabawa, hadda ta zauna.

Masana ma sun tabbatar. A shekarar 1933 wata Bajamushiya, Hedwig von Restorff, ta nuna cewa a jerin abubuwa masu kama da juna, wanda ya fita daban shi aka fi tunawa. A 2002 kuma Wichmann da abokan aikinsa suka gano cewa ana tuna hoto mai launi fiye da fari-da-baƙi da kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Haka kuma, launi na jawo hankali, abin da hankali ya sauka a kai shi ƙwaƙwalwa ke ajiyewa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. A farkon aikinmu mun taɓa cika bangon aji ɗaya da launuka barkatai, muna zaton gwaninta ce. Da jarrabawa ta zo, yara sun tuna ƙawar bango, sun manta darasi. Idan komai ya yi ja, babu abin da ya fita daban. Daga nan muka koma kan launi biyu ko uku: baƙaƙe da farin alli, wasulan a, e, i, o, u da rawaya, ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ da ja. Yaron da ke rikita "baki" da "baƙi" ko "dari" da "ɗari" sai ya daina, domin idonsa ya san inda zai duba. Haka nan a lura, akwai yara, galibi maza, da ba sa bambance ja da kore tun haihuwa. Kada a dake su a ce daƙiƙai ne. Malami ya haɗa launi da ja-layi a ƙarƙashin harafi.

'Yan uwa, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatu kyauta, amma doka ba ta rubutu a allo. 'Ya'yanmu na birni suna karatu da littattafai masu hotuna, 'ya'yan ƙannenmu a nan kuwa, waɗanda rashin tsaro ya sha katse wa karatu, allon da ya koɗe suke kallo. Yaron da ya wuce aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba, da wuya ya ƙara kamo 'yan uwansa. Ƙarshenta tasha ko bakin iyaka.

Roƙonmu uku ne. Kowane reshe ya ɗauki nauyin firamare guda, ya sabunta fentin allunanta. A sayi alli mai launi da kwalaye na aji ɗaya zuwa uku kowane zango. Mu kuma tsofaffin malamai mun ɗauki alkawarin zama da matasan malamai a lokacin hutu, mu nuna musu yadda ake amfani da shi, ba tare da an biya mu ko kwabo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya zaunar da Jibiya lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.